Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Jagorar Auna Ingancin Magani

Katin maganin zazzaɓin cizon sauro da uwa take saya wa ɗanta a Furfuri ya sha tafiya kafin ya zo hannunta. Ko dai a Indiya aka buga shi, ko a wata masana'anta a Legas. Ya kwana a sito, ya hau tirela zuwa Kano, ya sauka a kasuwar sarin magunguna ta Dangwauro da ke kan hanyar Zariya, wani dila ya kawo shi Gusau, sannan aka ɗaure kwalin a bayan babur aka shigo da shi ƙasar Bungudu da tsakar rana. A kowane zango akwai abin da ka iya samunsa: a musanya shi da jabu, ko zafi ya cinye ƙarfinsa, ko danshi ya ratsa shi. Duk da haka ƙwayar za ta iso da launinta na ɗorawa, kwalin da rubutunsa tsaf. Uwar nan ba za ta san an sami matsala ba sai kwana uku sun wuce jikin yaro bai yi sanyi ba.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, magani ɗaya cikin kowane goma ko dai jabu ne ko bai cika inganci ba. Mu a Zamfara mun riga mun ɗanɗana illar abin da ido ba ya gani. A 2010, lokacin da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙasar tsakar gidajen Dareta da Bagega ba ta bambanta da ta kowane gida ba. Sai da aka auna jinin yara, aka kara na'ura a jikin ƙasa, sannan dalma ta bayyana. Yaran da aka rasa sun haura 400. Ilimin da ya tona asirin dalmar nan, wato kimiyyar awon sinadarai, da shi ake tuhumar magani.

Na rubuta wannan jagora don mai kemis, da malamin asibiti, da ungozoma, da ɗalibin kimiyya. Wasu matakan kowa zai iya yinsu da idonsa da kofin ruwa, wasu kuwa sai ɗakin gwaji. Amma wanda ya san abin da ake nema a ɗakin gwaji ya fi sanin abin da zai kiyaye a kantarsa.

Tambayoyi biyar ake yi wa kowane magani. Sinadarin da aka rubuta a kwali, shi ne a ciki? Nawa ne a ciki, kuma akwai baƙon abu tare da shi? Zai narke ya shiga jini a kan lokaci? Zai riƙe ƙarfinsa har ranar da aka rubuta? Garinsa yana kan siffar da ta dace? Ga yadda ake amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na ɗaya: ɗaukar samfuri

Idan samfuri ya ɓaci, gwajin da za a yi masa duk ya tashi a banza. Don haka in kana zargin wani magani, kada ka ɓare shi daga katinsa, kada ka juye sirop a wata kwalba. Ɗauke shi da kwalinsa da takardar bayanin da ke ciki. Rubuta sunan maganin, da kamfanin da ya yi shi, da lambar rukunin da aka buga shi a ciki, da ranar yinsa, da ranar ƙarewar aikinsa, da lambar rajistar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC. Ƙara da inda aka saye shi, da ranar, da halin da aka same shi: a inuwa, ko a jikin taga, ko cikin firjin da ba wuta.

Kada a gauraya rukuni biyu ko da sunansu ɗaya, domin kowane rukuni da hukuncinsa. Kuma kati ɗaya ba ya isa. Awon nauyi kaɗai yana cin ƙwaya 20, gwajin narkewa yana cin shida a zagayen farko, ga sauran gwaje-gwaje. A raba samfurin gida biyu: ɗaya a aika, ɗaya a rufe a sa hannu a ajiye, saboda ranar da za a yi gardama.

Mataki na biyu: ido, hanci da kofin ruwa

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ajiye kwalin da kake zargi kusa da wanda ka tabbatar da asalinsa, a wuri mai haske. Duba launi, da kaurin takarda, da kuskuren rubutu. Lambar rukunin da ke kan kwali dole ta yi daidai da ta kan kati. Tun 2010 NAFDAC ta kawo tsarin kankare lamba a jikin magungunan zazzaɓin cizon sauro da wasu masu kashe ƙwayoyin cuta: ka kankare, ka tura lambar ta saƙon waya zuwa lambar da aka rubuta a wurin, amsa ta dawo maka. Hukumar tana kuma da kundi a intanet mai suna Greenbook, inda ake duba ko lambar rajista ta wannan maganin ce da gaske.

Daga nan sai ƙwayar kanta. Tsagewa, ɗigo-ɗigon launi, laushi, ko gari a cikin kati, duk alamu ne. Kafson da ya manne da ɗan'uwansa ya sha danshi. Garin sirop ɗin amoksisilin da ya dunƙule tun ba a zuba masa ruwa ba, kada a ba yaro. Ruwan allurar da aka san shi garau, in ya yi hazo ko aka ga wani abu yana yawo a ciki, ya fita daga aiki. Asfirin da ya lalace yana warin tsami irin na ruwan kal, domin danshi ya raba shi gida biyu, ɗayan kuwa shi ne sinadarin kal ɗin.

Gwajin kofi kuwa ga yadda yake. Zuba ruwa mililita 100 mai ɗumin jikin mutum, wato digiri 37, a cikin kwalba mai tsabta. Jefa ƙwaya ɗaya, ka riƙa girgizawa a hankali lokaci-lokaci. Ƙwayar yau da kullum ya kamata ta watse kafin minti 30. In ta zauna kamar tsakuwa, a cikin ma haka za ta zauna. Wannan gwaji bai shafi ƙwayoyin da aka yi wa rufi na musamman don su wuce tumbi ba, ko waɗanda aka tsara su saki magani a hankali.

A ɗakin gwaji ana ƙara abu biyu. Ana auna ƙwaya 20 ɗaya-ɗaya a fitar da matsakaicin nauyi. Idan ƙwayar mai miligiram 250 ce ko fiye, ba a yarda fiye da biyu su kauce wa matsakaicin da sama da kashi 5 cikin 100 ba. Ana kuma zuba ƙwayoyi a wata ganga mai juyawa sau 100 cikin minti huɗu, abin da zai goge ya zube kada ya wuce kashi 1 cikin 100. Ƙwayar da ta kasa wannan ba za ta jure hanyar ƙauye a bayan babur ba.

Mataki na uku: shi ne ko ba shi ba ne?

Kama da wane ba ta wane. Mai jabu ya iya launi ya iya kwali, abin da bai iya ba shi ne sa alli ya yi halin magani. Hanyar da ta fi araha wajen kama shi ita ce kuromatogirafin faranti, wadda ake taƙaitawa da TLC. Asalin dabarar daga wani masanin tsirrai ne ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, wanda a 1903 ya zuba ruwan ganye a bututu mai cike da garin alli, ya ga koren ya rabu zuwa zobba masu launi daban-daban. Duk wanda ya ga yadda ruwan damina ke hawa bangon ƙasa ya bar zane a inda ya tsaya, ya ga tushen abin.

Ana daka ƙwaya a narkar da ita a sinadarin da littafin aiki ya ambata. Ana ɗaukar ɗan faranti mai shafe da farin garin silika, a ja layi da fensir kusa da gindinsa. A kan layin a ɗiga ɗigo huɗu, kowanne mikirolita 2, kamar kan allura: ɗigon maganin asali mai cikakken ƙarfi, da ɗigo biyu na samfuri, da ɗigon maganin asali da aka tsinka zuwa kashi 80. Sai a tsayar da farantin cikin kwalba mai ɗan ruwan sinadari a ƙasa, a rufe. Ruwan zai hau yana jan kowane sinadari gwargwadon halinsa. In ya kusa kai sama a fitar, a shanya, a haska fitila mai hasken da ke gaba da shuɗi, ko a turara shi da aidin.

Karatun ba shi da wuya. Idan tabon samfuri ya tsaya a tsayi ɗaya da na asali, sinadarin ɗaya ne. Idan babu tabo sam, babu magani. Idan tabon ya fi na kashi 80 dusashewa, an yi ƙwauron sinadari ko ya lalace. Idan wasu tabbai sun fito a gefe, akwai baƙo. Akwai akwatunan aiki da ake kira Minilab, waɗanda wata ƙungiya a Jamus ta tsara, da ke ɗauke da duk kayan wannan gwaji, kuma ba sa bukatar babban ɗaki.

Hanya ta biyu ta haske ce. A 1928 masanin Indiya C. V. Raman ya gano cewa in haske ya bugi sinadari, ɗan kaɗan daga cikinsa yakan dawo da canji, kuma kowane sinadari da irin nasa canjin, kamar zanen yatsa. Na'urar hannu ta TruScan da jami'an NAFDAC ke yawo da ita a kasuwanni a kan wannan take aiki. Tana karanta ƙwaya ta cikin ledar kati mai garau, ta ce ta yi ko ba ta yi ba. Sai dai ta fi ƙarfi wajen faɗin mene ne a ciki fiye da faɗin nawa ne. Duk abin da faranti ko na'urar hannu suka ƙi, ba a yanke hukunci a kansa sai babban ɗakin gwaji ya tabbatar.

Mataki na huɗu: nawa ne a ciki, kuma wa ya biyo shi?

A nan ake zuwa ga na'urar da ake kira HPLC, uwar ɗakin gwajin magani. Zuciyarta wani bututun ƙarfe ne mai tsawon santimita 15 ko 25, cike da gari mai laushi ƙwarai. Famfo yana tura ruwan sinadari ta cikinsa da ƙarfi, kamar mililita ɗaya a minti. Ana cusa ɗan ɗigon samfuri a bakin bututun.

Ka ɗauka ayarin mutane sun shiga kasuwar Tsafe ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya. Baƙon da bai san kowa ba zai riga kowa fita. Ɗan gari mai yawan gaisuwa sai ya tsaya a kowace rumfa, ya fito a makare. Haka sinadarai suke a cikin bututun: wanda ke manne wa garin yakan jinkirta, wanda ba ya mannewa yakan wuce. A ƙofar fita akwai fitila da ke ƙirga mai wucewa, kwamfuta kuma ta zana tudu a duk lokacin da wani ya fito. Lokacin fitowar tudun shi ke faɗin ko wane ne, girman tudun kuma shi ke faɗin yawansa.

Misali, a ce tudun farasitamol na asali ya ba da 1,000, na samfurin da aka haɗa daidai da shi ya ba da 720. Ke nan kashi 72 cikin 100 ne a ciki: ƙwayar da aka rubuta wa miligiram 500, 360 take ɗauke da shi. Littafin ƙa'idar magunguna na Birtaniya ya yarda da kashi 95 zuwa 105 ga ƙwayar farasitamol, na Amurka kuma 90 zuwa 110. Ƙarancin nan ya fi muni a maganin zazzaɓin cizon sauro da masu kashe ƙwayoyin cuta, domin rabin magani ba ya kashe cuta, horar da ita yake yi ta saba.

Ƙananan tuddan da ke fitowa a gefe su ne baƙi, kuma wani baƙon ajali ne. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 sirop ɗin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin waɗanda suka karɓi yaran da ƙodarsu ta tsaya. An haɗa shi da sinadarin dayetilin gilaikol, wanda ake sawa a man birki. Ba shi da launi, ba shi da wari, yana da zaƙi, don haka harshe ba ya gane shi. Shi ne ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan a 1990, shi ne kuma ya bayyana a Gambiya a 2022 inda aka rasa yara kusan 70. Ana kama shi da 'yar'uwar HPLC mai aiki da iska mai zafi a madadin ruwa, wadda ake kira GC. Ƙa'ida ita ce kada ya wuce kashi 0.10 cikin 100 a ruwan da ake haɗa sirop da shi. Kowace gangar da ta shigo masana'anta ya wajaba a gwada ta kafin a buɗe aiki.

Mataki na biyar: zai narke a kan lokaci?

Magani yana iya cika awo amma ya ƙi fita daga ƙwaya, ko don an matse ta da yawa, ko don an sa abin ɗauri mara kyau. Na'urar wannan gwaji tana da tukwanen gilas shida. A kowace ana zuba ruwa mililita 900 mai kwaikwayon ruwan ciki, a riƙe shi a digiri 37. Wani ɗan muciya yana juyawa sau 50 a minti. Ana jefa ƙwaya ɗaya a kowace tukunya, a ɗebi ruwan a lokacin da aka ƙayyade a auna abin da ya narke. Ga farasitamol, littafin Amurka yana neman kashi 80 cikin 100 ya narke a minti 30. Wannan gwaji ya fi na kofi zurfi, domin watsewa daban, narkewa daban. Kuma sau da yawa shi ne ke fara nuna cewa wani abu ya canza a cikin ƙwaya.

Mataki na shida: ina aka samo ranar ƙarewar aiki?

Ranar da ke jikin kwali sakamakon gwaji ce. Kamfani yana ɗaukar rukuni uku na magani, a cikin ainihin katin da za a sayar da shi, ya sa a ɗakunan da ake iya saita zafinsu da danshinsu. An raba duniya shiyya-shiyya bisa yanayi, Najeriya kuma tana shiyyar zafi da danshi mai yawa, inda ake gwajin dogon zango a digiri 30 da danshin iska kashi 75. Ana fitar da samfuri a farko, da wata na 3, 6, 9, 12, 18, 24 da 36, a sake masa duk awon da muka ambata. Akwai kuma gwajin gaggawa na wata shida a digiri 40 da danshi kashi 75. Idan ƙarfin magani ya sauya da kashi 5 cikin 100 a wannan gwaji, an ɗauke shi babban canji.

Dalilin ƙara zafin shi ne abin da Svante Arrhenius na Suwidin ya bayyana a 1889: zafi yana gaggauta aikin sinadarai. A bisa ƙiyasi, ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin lalacewa. To, a nan ya kamata mai kemis na Furfuri ya tsaya ya yi tunani. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan kai digiri 40 a inuwa, shagon kwanon da ba silin kuwa ya fi haka. A watan Agusta danshi ya cika ɗaki har gishiri yana jiƙewa. Abin da ɗakin gwaji ke kira azabtar da magani don a ga iyakarsa, shi ne zaman yau da kullum a wasu shagunanmu. Ranar da ke kwali alkawari ne mai sharaɗi, sharaɗin kuwa an rubuta shi a gefe: a ajiye ƙasa da digiri 30, a wuri busasshe.

Babu inda wannan ya fi ciwo kamar ɗakin haihuwa. Allurar oksitosin, wadda ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan samfuran da aka tattara a sassan Najeriya ya sami kashi 74 cikin 100 na oksitosin sun kasa awon ƙarfi, da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar misoforostol, wadda ita ma ake tsayar da jinin da ita. Ita misoforostol danshi ne makashinta, shi ya sa ake son katinta ya zama alminiyom gaba da baya. Allurar egometirin kuwa, mai irin wannan aiki, haske ke ɓata ta. Ungozomar da ta yi allura biyu jini bai tsaya ba, ta tambayi inda kwalbar ta kwana.

Masu rigakafin shan inna sun san ɗan murabba'in da ke cikin da'ira a jikin kwalba: muddin ya fi da'irar haske, maganin yana nan, in ya yi duhu kamarta ko fiye, zafi ya gama da shi. Wannan gwajin juriya ne da aka manna a jikin kwalba don kowa ya karanta.

Mataki na bakwai: siffar kiristal

Wannan shi ne mafi ɓoyuwa. Magina biyu za su iya ɗaukar tubali iri ɗaya, ɗaya ya jera shi a matse, ɗaya ya jera da sako-sako. Ruwan sama zai fi saurin cin na biyun. Haka ƙananan ƙwayoyin sinadari suke jeruwa idan suka daskare suka zama kiristal. Sinadari ɗaya yana iya jeruwa ta hanya biyu ko uku ko fiye, kowace jera da saurin narkewarta. Bakin fensir da lu'ulu'u duk sinadarin gawayi ne, jera ce ta raba su. Matan da ke sana'ar man kaɗanya sun san yadda man da ya narke ya sake daskarewa a hankali yakan yi tsaki-tsaki, alhali ba a ƙara masa komai ba.

A 1996 kamfanin Abbott na Amurka ya fitar da maganin ƙanjamau ritonabir da sunan Norvir. A 1998 kafson ya fara kasa gwajin narkewa. Da aka bincika sai aka ga wata sabuwar siffa ta bayyana, wadda narkewarta bai kai rabin na farko ba. Dole aka janye kafson aka sake tsara shi. HPLC ba za ta ga irin wannan ba, domin kafin a sa mata samfuri an riga an narkar da shi, jerar ta rushe.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne mebendazol, maganin tsutsar ciki da ake ba yara. Siffa uku gare shi: A, B da C. Siffar C ake so. Siffar A kusan ba ta narkewa, ba ta kuma korar tsutsa yadda ya kamata, zafi da danshi kuwa suna iya juya C ta koma A a cikin ƙwaya. Kabamazafin, maganin farfaɗiya, in ya sha danshi yakan haɗiye ruwa cikin kiristal ɗinsa, ƙwayar ta taurare. Binciken hukumar magunguna ta Amurka ya nuna yana iya rasa kashi ɗaya cikin uku na amfaninsa. Mai farfaɗiyar da ke shan maganinsa kullum amma ciwon ya dawo da damina, a duba inda yake ajiye shi.

Hanya huɗu ake bi wajen gane siffar kiristal. Ta farko hasken eksire: ana shimfiɗa garin a ɗan faranti, a harba masa hasken ta kusurwoyi daban-daban. Kowace jera tana mayar da shi ta kusurwoyin da suka keɓanta da ita, bisa ƙa'idar da William Bragg da ɗansa Lawrence suka kafa a Ingila a 1913. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi. Ta biyu awon zafi da na'urar DSC: ana sa 'yan miligiram a ƙaramin kasko, a ɗumama shi a hankali tare da wani kasko wofi, a ga inda samfurin ya sha zafi ya narke. Siffar farasitamol ta farko tana narkewa wajen digiri 169, ta biyu wajen 157. Ta uku hasken da ke ƙasa da ja, wanda da shi littafin ƙa'ida na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a tabbatar da siffar C a mebendazol. Ta huɗu awon ruwan da ke ɓoye a gari, da dabarar da Karl Fischer na Jamus ya fitar a 1935.

Mataki na takwas: aikin da ya rage a kanta

Duk awon nan yana ƙarewa ne a hannun wanda ke ajiye magani. Ga abin da yake wuyansa:

1. Saya daga dilan da ke da rajistar hukumar kula da masu harhaɗa magunguna, ka karɓi rasit mai lambar rukuni. In farashi ya faɗi ƙasa da na kowa, tambayi dalili. Araha ba ta ado.
2. Rataya ma'aunin zafi a shago, ka rubuta abin da ya nuna da safe da azahar. Sa silin ko zana ƙarƙashin kwano, ka buɗe wa iska hanya.
3. Ɗaga kwali daga ƙasa, ka janye shi daga bango da taga. Kada ka baje magani a rana don talla.
4. Wanda ranarsa ta fi kusa shi ne a gaba.
5. Kada ka ɓare ƙwaya ka ƙulla a leda. In za ka yanka kati, bar wa mai saye gefen da ke da lamba da rana.
6. Abin firji, firji. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa, tana rage zafi, amma ba ta kai digiri 2 zuwa 8 ba. In ba ka da firji mai sola ko tsayayyar wuta, kada ka ajiye oksitosin.
7. Gaya wa uwa cewa sirop ɗin da aka haɗa da ruwa kwanakinsa ƙidayayyu ne, yawanci mako guda. A duba takardarsa, a zubar da saura.
8. In ka yi zargi, tsayar da sayarwa, ware kayan, ka kai samfuri ofishin NAFDAC na Gusau. Hukumar tana da ɗakin gwaji a Kaduna, da babban ɗakin gwajin magunguna a Yaba ta Legas.

Ina roƙon hukumomin lafiya na jihar Zamfara su samar da akwatunan gwajin faranti a Gusau da manyan asibitocin Bungudu da Tsafe, su horar da masu aiki da su. Ɗaliban kimiyyar sinadarai na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da masu karatun harhaɗa magunguna a Sakkwato da Zariya, ga fagen da ake jiransu a gida.

Kai kuma ɗan'uwa mai kemis, matar da ta miƙo maka kuɗin da ta tara ba ta da na'ura ko ɗaya, amanarka kaɗai take da ita. Duba kwalin, kankare lambar, auna zafin shagonka, kuma abin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka ba nata.